Famfon da ke ɗiga magani a laka

Matan da aka yi wa tiyatar haihuwa a Jalingo sun san allurar baya. Mace ta zauna ta sunkuya, likita ya soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, kafin wani lokaci daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu murus. Bayan 'yan awoyi maganin ya saki. Tun 1898 August Bier ya fara wannan a Jamus.

To, mai sankarar da ta ci ƙashi fa, wanda raɗaɗinsa ba ya saki dare da rana? A 1976 Tony Yaksh da Thomas Rudy suka gwada a jikin ɓeraye, suka nuna mofin na kashe ciwo idan an zuba shi kusa da laka. A 1981 Burton Onofrio na asibitin Mayo a Amurka ya ba da rahoton dasa famfon da ke ɗiga shi ba yankewa. Na zamani faɗinsa kamar bakin kofin shayi, ana binne shi ƙarƙashin fatar ciki, wani bututu ya zagaya ta kwiɓi zuwa ruwan laka. Tunda maganin bai bi ta ciki da hanta ba, kusan kashi ɗaya cikin 300 na wanda ake sha ya wadatar, don haka maye da taurin bayan gida kan ragu.

Amma famfon ba ya son sakaci. Duk wata ɗaya zuwa uku sai an cika shi da allura ta fata, batirinsa kan ƙare cikin shekara biyar zuwa bakwai, sai an sake tiyata. Bututun kan lanƙwashe, wurin da aka dasa famfon kan yi ruwa. Idan maganin ya yanke kwatsam, jiki ya rikice. Majinyacin da zai gangaro daga Gembu, ya wuni a mota kafin ya iso Jalingo, ina zai iya wannan zirga-zirga?

Shi ya sa nake ganin ba famfo ne farkon buƙatarmu ba. Rahoton mujallar Lancet na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rabawa. Nan gida kuma, ɓarnar tiramol da kodin, wadda ta sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ta ƙara wa ma'aikatan lafiya tsoron rubuta magani mai ƙarfi, mai sankara ya kwana yana nishi. Ruwan mofin na sha ba shi da tsada. Ya kamata a ce ba ya yankewa a kantin maganin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jalingo, a kulle, a rubuce, da likitoci da nas-nas da aka koya wa auna shi.