Busua, Ƙauyen Masunta Mai Karɓar Baƙi a Gaɓar Tekun Ghana

Ranar Talata masuntan gaɓar tekun Ghana ba sa fita kamun kifi. Tsohuwar al'ada ce, kuma baƙon da ya sauka Busua a wannan rana zai tarar da kwale-kwale masu ado da fenti jere a kan rairayi, maza suna zaune a inuwar kwakwa suna ɗinke taru.

Busua ƙauyen ƙabilar Ahanta ne, kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi. Mai tahowa daga Akara zai yi tafiyar fiye da kilomita 200, ya sauka Agona Nkwanta, sannan ya hau tasi zuwa bakin ruwa. Wanda ya fito daga Kano ko Zinder ba zai yi kewar harshe ba, domin zangunan Ghana cike suke da masu jin Hausa.

Abin da ya fito da sunan garin shi ne ruwansa. A wurare da dama na wannan gaɓa, teku yana da ja mai ƙarfi wanda kan ɗauke ko gwanin iyo. Na Busua ya fi sauƙi, shi ya sa iyalai ke zuwa wanka, samarin gari kuma suka ƙware wajen hawan igiyar ruwa a kan allo, har suna koya wa Turawa. Duk da haka, wajibi ne baƙo ya tambayi 'yan gari inda ya dace ya shiga, musamman idan yana tare da yara.

Da hantsi, idan masunta suka dawo, mata kan taru da manyan robobi suna ciniki. A nan ake samun kifi da jatan lande da ɗanyensu, a gasa, a ci da dokunu da shito mai yaji. Wannan hada-hada ta fi duk wani otal ɗin garin daɗin kallo.

Sai dai wurin yana da tarihi mai nauyi, kuma bai kamata a wuce shi ba. Tafiyar ƙafa kaɗan zuwa yamma akwai Dixcove, inda Ingilishi suka gina ganuwar Metal Cross a ƙarshen ƙarni na 17. Ta gabas, a Butre, akwai kangon Batenstein na mutanen Holan, na 1656. Dukansu suna cikin ganuwoyin zamanin cinikin zinariya da bayi da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Busua kanta fadar sarkin Ahanta ce. A 1838 sojojin Holan suka rataye Sarki Badu Bonsu na Biyu, suka tafi da kansa Turai, ba a dawo da shi Ghana ba sai 2009.

Mai niyyar zuwa ya guji Mayu da Yuni, lokacin ruwan sama mai yawa. Daga Nuwamba zuwa Maris rana ta fi samuwa, amma a hutun Disamba ɗakuna kan cika da wuri.