Kwabo 25 Mai Dalar Gyaɗa: Abin Da Tambarinsa Ke Faɗa

Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar lissafin fam da sule ta koma naira da kwabo. Sule goma ya zama naira ɗaya, sule biyu da sisi kuwa ya zama kwabo 25. A cikin tsabar kuɗin da aka buga a wannan shekara, kwabo 25 ne nake ganin ya fi shafar mu mutanen Miga da sauran ƙasar Dutse. Ba don tunawa da wani biki aka buga shi ba, amma yau ya zama abin tunawa.

A fuska ɗaya akwai tambarin Tarayya. Baƙar garkuwa tana nufin albarkar ƙasar noma. Farin zane mai reshe biyu shi ne kogin Kwara da na Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja. Dawaki biyu alamar martaba ce, jar gaggafa kuma alamar ƙarfi. Taken da ke ƙasa ma'anarsa haɗin kai da imani kawai, domin sai a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba. Wannan kaɗai ya isa malami ya nuna wa ɗalibi yadda ake gane shekarun abu daga rubutun jikinsa.

A ɗaya fuskar kuwa gyaɗa ce da dalar buhunanta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama babbar hajar wannan yanki, har attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara da cinikinta. Layin dogo da ya tafi Nguru ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya buɗe wa manoman gabashin Kano hanya. A lokacin babu Jihar Jigawa, sai 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Kano. Saboda haka dalar da ake kira ta Kano akwai gumin iyayenmu a ciki. Da kuɗin gyaɗa talaka ke biyan haraji, ya yi sutura, ya aurar da 'ya'yansa.

Abin lura shi ne an buga kuɗin ne daidai lokacin da dalar ke rushewa. Farin 1973 ya ƙone gonaki, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa saura, hankalin hukuma kuma ya koma kan man fetur. Ko a kwabo ɗaya na wannan zubi, hoton rijiyar mai aka sa.

Ina kira ga dattawa, duk mai irin wannan kuɗi a adaka kada ya bari a narkar da shi. A ara wa malaman makaranta su kai aji, yara su taɓa, su ji labari daga bakin waɗanda suka noma gyaɗar tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.