Ruɓewar kofato: cutar da ke kama dawakan Mafara, Bakura da Maradun a kan turke

Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafar doki a tsakiyar watan Agusta ya ji wani ɗoyi ya buge shi, ya kuma ga baƙin ruwa mai kauri na fita daga tafin kofaton, to ya ga cutar ruɓewar kofato. Masu dawaki kan ɗora laifin a kan ruwan sama, amma ainihin tushenta shi ne wurin da dokin yake tsayawa dare da rana.

Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙasa ce ta fadama, mai laka da ke riƙe ruwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sokoto a 1978, hanyoyin ban ruwa suka ratsa gonakin waɗannan garuruwa, danshi kuma ya zama abin da ake zama da shi har cikin rani. Idan damina ta sauka daga Yuni zuwa Satumba, bargar da ba ta da magudana takan koma taɓo.

Mece ce wannan cuta?

A tsakiyar tafin kofato akwai wata tsoka mai ɗan laushi, mai siffar kan mashi, da kwari a tsakiyarta da kuma gefunanta biyu. Ita ce ke rage wa ƙafa ƙarfin dukan ƙasa, tana kuma taimaka wa jini ya zagaya idan doki na tafiya. A cikin waɗannan kwaruruka cutar ke farawa.

Ƙwayar cutar da aka fi samu a wurin ita ce Fusobacterium necrophorum, wadda ke cikin kashin dabbobi, kuma tana da hannu a ruɓewar ƙafar shanu da tumaki. Ba ta iya rayuwa inda iska ke shiga. Saboda haka idan kashi da fitsari da laka suka cushe tafin kofato, sun gina mata ɗaki. Danshi ya tausasa tsokar, fitsari ya ci ta, ƙwayar kuma ta shiga ruɓar da ita.

Da farko doki ba ya nuna ciwo, shi ya sa ake sakaci. Sai ruɓar ta kai ga nama mai rai a ga yana janye ƙafa idan an taɓa, ko jini ya fito, ko ya fara ɗingishi.

Me ya sa dokin turke ya fi kamuwa?

Dokin da ke tafiya yana share kofatonsa da kansa, domin duk takun da ya yi kofaton na ɗan buɗewa, dattin na faɗuwa. Wanda aka ɗaure a turke cikin dabaibayi, yana tsaye a kan kashinsa, ba ya samun wannan.

A nan matsalar tsaro ta shigo. Inda fita bayan gari ya zama abin fargaba saboda 'yan bindiga, kilisa takan ragu, doki ya daɗe a ɗaure. Dabbar da aka saya da kuɗi masu yawa don hawan Sallah ko hawan angwanci sai ta lalace a cikin gida, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Yadda ake kare doki

A kwashe kashi daga barga safe da yamma. A ɗaga wurin turke da yashi ko tsakuwa ƙanana ya fi sauran fili tudu, a yanka ƙaramar hanyar da fitsari da ruwan sama za su bi. In da hali a yi turke biyu, ana sauya wa dokin wuri har ɗayan ya bushe.

Kullum a ɗaga ƙafafun huɗu a ƙwaƙule tafin da ƙarfe marar kaifi, daga dunduniya zuwa gaba. Aikin bai wuce minti 5 ba. A riƙa gyara kofato bayan kowane mako 6 zuwa 8, domin kofaton da ya yi tsawo kwarinsa kan yi zurfi ya riƙe datti. Sannan a fita da dokin kullum, ko da zagaye ne a cikin unguwa.

Idan ta riga ta kama

A fara da mayar da dokin busasshen wuri, domin babu maganin da zai yi aiki a cikin taɓo. Wanda ya iya gyaran kofato ya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren don iska ta shiga. A wanke, a busar, a jiƙa auduga da ruwan aidin a goge cikin kwarin kullum. Likitocin dabbobi kan kuma yi amfani da shuɗin sinadarin kofa salfet. Idan an tare ta da wuri, ɗoyin kan gushe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko da yake tsokar na ɗaukar lokaci kafin ta cika.

Kada a shafa baƙin mai ko man giris, domin suna toshe iska, abin da ƙwayar ke so ke nan. Kada kuma a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Idan akwai jini, ko kumburi, ko ɗingishi, a nemi likitan dabbobi, a kuma tambaye shi allurar rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, wadda dawaki ke saurin kamuwa da ita ta raunin ƙafa.

Ina hukuma ta shigo?

Shara da yashi aikin mai doki ne, samar da likita kuwa aikin gwamnati ne. Akwai kwalejin aikin gona a Bakura, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sokoto, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da 'yan majalisarsu ita ce: ma'aikatan lafiyar dabbobi nawa ne ke bakin aiki a yankin, kuma nawa aka ware musu a kasafin kuɗi?

Amsar ba ta tsaya kan dawakan fada ba. Likitan da zai duba kofaton ingarman sarki shi ne zai duba shanun huɗa da tumakin talaka, waɗanda damina ɗaya da ƙwayar cuta ɗaya ke gurgunta su.