Nungwi ko Jambiani: Ƙauyuka Biyu, Teku Ɗaya

Duk wanda ya sauka a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke Tanzaniya, da niyyar hutawa a bakin teku, sai ya zaɓi inda zai dosa: ko ya yi arewa zuwa Nungwi, ko ya gangara kudu maso gabas zuwa Jambiani. Dukansu ƙauyukan masunta ne Musulmi, dukansu suna da farin rairayi da itatuwan kwakwa. Sai dai Tekun Indiya ba hali ɗaya yake nuna musu ba.

A Nungwi ruwan yana da zurfi tun daga kusa da gaɓa, don haka ko ya janye ba ya nisa. Mai son iyo zai shiga da hantsi, ya sake shiga da la'asar. A Jambiani kuwa, sau biyu a rana teku ke ja da baya, wani lokaci fiye da kilomita guda, ya bar kwale-kwale kwance a kan rairayi. Dole mai iyo ya jira ruwa ya dawo.

Sana'ar kowane ƙauye ta bi halin ruwansa. Nungwi ta yi suna wajen sassaƙa jiragen katako masu tafiya da iska. A bakin gaɓa za ka iske masassaƙa da gizago suna feƙe katako, suna cusa auduga a tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga. Jambiani kuma mata ne ke riƙe da ita. Tun 1989 suke noman ciyawar teku da suke kira mwani: da ruwa ya janye sai su shiga da zannuwansu, su ɗaura 'yan rassa a igiyoyin da aka ja tsakanin turaku, bayan kamar mako 6 su girbe su shanya a rana. Ɗumamar ruwa tana kashe ciyawar yanzu, har wasu sun koma kiwon soson teku.

Wajen nishaɗi ma kowanne da nasa. Daga Nungwi ana fita nutso kusa da tsibirin Mnemba don kallon murjani da kifaye, ana ziyartar tafkin Mnarani inda ake kula da kunkurun teku, da yamma a kalli faɗuwar rana. Jambiani fitowar rana take gani. Ana hawa ƙaramin jirgin ngalawa, ana leƙawa Paje inda iskar Kusi, daga Yuni zuwa Satumba, ke jan masu wasan lema a kan ruwa, ga kuma jajayen biran dajin Jozani.

Manyan otal-otal sun kawo wa Nungwi aikin yi da kasuwa, sun kuma kawo cunkoso da kiɗan dare da 'yan talla masu naci. Masaukan Jambiani ƙanana ne, dare shiru, amma zaɓin abinci da na shaƙatawa bai kai na arewa ba.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai 'yan kwanaki kaɗan da ke son ruwa a kowane lokaci, Nungwi ta fi masa. Ni dai Jambiani nake fifitawa, domin a can baƙo ne ke bin lokacin teku da na masu gari, kuma ta haka yake sanin mutanen da ya zo ƙasarsu.