Ja da Shuɗi a Kan Takarda: Yadda Gardama Ta Mamaye Jaridun Wasanni na Sudan

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, Khartoum na cikin biranen Afirka ƙalilan da ake buga jaridu da dama na wasanni zalla kullum. Kusan kowace da launinta. Al-Sada da Al-Za'im sun karkata ga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Al-Merrikh mai jar riga, Goon da Al-Asyad kuma ga Al-Hilal mai shuɗiya. Mai saye ya riga ya ji sakamakon wasa a rediyo tun daren jiya. Abin da yake biya wa kuɗi shi ne shafin ra'ayi, inda gwaninsa zai caccaki alƙalin wasa, ya yi wa abokan hamayya ba'a.

Dalili na farko da ya haifar da wannan salo shi ne yadda ƙwallon ƙasar ya ginu. Ƙungiyoyin biyu maƙwabtan juna ne a Omdurman, kuma su ke raba kusan duk kofunan gasar ƙasa. Al-Merrikh na tutiya da kofin Afirka da ta ɗauka a 1989 bayan doke Bendel United ta Nijeriya, Al-Hilal kuma da kaiwa wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1987 da 1992. Inda masu saye suka rabu gida biyu, jaridar da ta tsaya tsakiya ba ta da kasuwa.

Na biyu siyasa ce. A mulkin Omar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, jami'an tsaro sukan tace labarai ko su ƙwace jarida bayan an buga ta. Marubucin da ba ya iya taɓa minista yana iya yi wa shugaban ƙungiyar ƙwallo kaca-kaca. Na uku kuɗi: ƙungiyoyin sun dogara da attajirai, kuma jaridar da ke cin tallar attajiri da wuya ta binciki asusunsa.

Wannan salo ya yi amfani. Ya jawo matasa ga karatu, ya samar wa 'yan jarida aiki, ya ba magoya baya murya. Lokacin da Al-Hilal ta sallami kyaftin ɗinta Haitham Mustafa a ƙarshen 2012, ya koma Al-Merrikh, muhawarar jaridu ta sa shugabanni kare matakinsu a bainar jama'a.

Sai dai illar ta fi nauyi. Baki shi ke yanka wuya: zargin da aka rubuta da safe yakan zama jifa a filin wasa da yamma. A Satumban 2011 hukumar kula da jaridu ta dakatar da jaridun wasanni 6, bisa zargin saɓa ƙa'idar aiki da rura gaba tsakanin magoya baya. Haka kuma ƙungiyoyin Atbara da Shendi da sauran wasanni sun samu ɗan gurbi kaɗan, alhali Ismail Ahmed Ismail, ɗan tseren mita 800, shi ya kawo wa Sudan lambar Olamfik ta farko a Beijing a 2008.

Dakatarwar ba ta warkar da komai ba, domin ba ta taɓa tushen ba. Yaƙi ya tsayar da injinan ɗab'i, Al-Hilal da Al-Merrikh suka buga kakar 2024/2025 a gasar Muritaniya, gardamar kuma ta koma Facebook, inda babu edita.

Ra'ayi ba laifi ba ne, ƙwallo ba ya armashi sai da shi. Gyaran da ake bukata shi ne a raba rahoto da sharhi, marubuci ya kawo hujjar zarginsa, jarida ta bayyana mai ɗaukar nauyinta. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyon Kano da Maraɗi ma suna da abin dubawa a nan.