Rashin haihuwa daga ɓangaren namiji: abin da ake faɗa da abin da likitoci suka tabbatar

Idan aure ya shekara biyu babu ciki, yawanci idon dangi kan mace yake. Ita ake kai wa rubutu da saiwoyi, ita ake kira juya, wani lokaci har a fara yi wa miji zancen ƙarin aure. Mijin kuwa ba a cika tambayarsa komai ba. Ga wasu maganganu da suka yaɗu a kan wannan matsala, da matsayin kowacce.

"Rashin haihuwa matsalar mata ce." Ƙarya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. A wajen rabin ma'auratan da ke fama da ita, akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. A likitance ana kiran abin matsala ne idan an shekara ana saduwa ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba.

"Namijin da ke da ƙarfi a shimfiɗa ba ya rasa haihuwa." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ɓata wa mutane lokaci. Ƙarfin mazakuta daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Ƙwayoyin da ke sa ciki ƙaramin kaso ne na maniyyi, sauran ruwa ne da wasu sassan jiki ke samarwa. Mutum zai iya sadu da iyalinsa lafiya lau, ya fitar da maniyyi kamar kowa, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Haka nan kauri ko tsinkewar maniyyi ba ya nuna komai ga ido. Ma'aunin da hukumar ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a kan ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kuma sai da na'urar hangen ƙananan halittu ake ƙirga su, a duba motsinsu da siffarsu.

"Ai na taɓa haihuwa, don haka ba daga ni ba ne." Ba hujja ba ce. Ciwo, rauni, shekaru ko wani magani na iya canza lamarin bayan haihuwar farko.

"Ciwon sanyi na hana haihuwa." Gaskiya ne, idan ana nufin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin wanda ke sa fitar mugunya da zafin fitsari. In ba a yi maganinsu da kyau ba, suna iya toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Sai dai masu tallar magani a kasuwa sun mayar da kowane ciwon baya da kasala "sanyi". Wanda ya kamu da na ainihi, shi da matarsa ya kamata a yi wa magani lokaci guda, su kuma shanye shi har ƙarshe. Tsargiya, wadda ta yi yawa a yankunan noman rani da madatsun ruwa, ita ma tana iya taɓa hanyoyin maniyyi.

"Hangum na kashe haihuwa." Akwai gaskiya a ciki, amma an zuzuta. Idan ya kama namiji bayan balaga yana iya sauka a 'ya'yan maraina su kumbura, galibi gefe ɗaya. Yana iya rage ƙwayoyi, amma da wuya ya hana haihuwa gaba ɗaya.

"Zafi na lalata ƙwayoyin haihuwa." Gaskiya ne. Maraina na buƙatar ɗan sanyi fiye da sauran jiki, shi ya sa suke a waje. Zazzaɓi mai tsanani, aiki kusa da wuta ko dogon zama a mota na iya rage ƙwayoyi, amma sau da yawa sukan farfaɗo, domin jiki na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya haɗa sababbi. Kumburin jijiyoyin jini a maraina, wanda ya fi aukuwa a hagu, yana cikin manyan dalilan da ake samu, kuma ana iya gyara shi da tiyata. Yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, a kai shi asibiti tun yana jariri.

"Basir, shan zaƙi da yawan mafarki na ƙarar da maniyyi." Basir ba shi da alaƙa da ƙwayoyin haihuwa, mafarki kuma ba ya ƙarar da su, tunda jiki kullum cikin yin sababbi yake. Zaƙi ba ya tsinka maniyyi kai tsaye, amma ƙiba da ciwon sukari suna yin illa. Zubowar wani abu daga cikin maniyyi bayan saduwa ma ba ya hana ciki.

"Maganin ƙarfin maza na ƙara haihuwa." Ƙarya ne, wani ma ɓarna yake yi. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin kuzari ko gina jiki tana sa maraina su rage yin ƙwayoyi, har su daina. Sigari, wiwi, giya da tiramol duk suna raunana su.

Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha: zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a asibiti. In sakamakon bai yi kyau ba a kan maimaita, don gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Wasu matsalolin magani ke warware su, wasu tiyata, kuma tun 1992 likitoci ke iya cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace a samu ciki. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Kafin a ɗora wa mace laifi ko a tara mata kishiyoyi, miji ya je a gwada su tare.