Layi ɗaya a Linux da kan buɗe maka fayilolinka ko ya hana kwamfuta tashi

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, wasu masu tsofaffin kwamfutoci suka koma Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint. Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne ya kunna na'ura ya tarar ɓangaren faifan da ya tara hotuna da takardu bai buɗe ba, sai ya danna shi da hannu.

Dalili kuwa, Linux ba ya raba wa ɓangarorin faifai haruffa irin C da D. Dole a jona kowane ɓangare da wata folda kafin a ga abin da ke ciki. Idan ba a jona ba, manhajar da ke kwafe maka fayiloli da safe ba za ta same su ba.

Fayil ɗin da ke tsara wannan shi ne /etc/fstab, wanda kwamfuta ke karantawa duk lokacin da take tashi. Kowane layi na da gurbi shida: sunan ɓangaren, foldar da za a jona shi, nau'insa kamar ext4 ko NTFS, sharuɗɗa, sai lambobi biyu na ƙarshe.

A gurbin farko, kada ka dogara da suna irin /dev/sdb1, domin yakan sauya idan ka soka wani faifan. Yi amfani da lambar UUID, wadda umarnin blkid zai nuna maka.

A nan haɗarin yake. Harafi ɗaya da ka kuskure zai iya jefa kwamfutar cikin yanayin gaggawa, baƙin allo kawai. Saboda haka ka kwafi fayil ɗin kafin ka taɓa shi, ka ƙara kalmar nofail a sharuɗɗa don na'urar ta tashi ko faifan ba ya nan, sannan ka gwada da sudo mount -a kafin ka kashe ta.

Mai Windows a gefe guda kuma ya kashe Fast Startup, domin yakan sa Linux ya ƙi rubutu a ɓangaren NTFS. Wanda rubuta umarni ke ba shi tsoro, manhajar Disks ta Ubuntu za ta rubuta masa layin da kanta.